Ƙara Uku

Shekara ashirin da shida ina aiki a tashar wutar nan, kuma har yau in aka ɗauke wuta a unguwarmu ni ake harara. Na gaji da bayani. Da can nakan tsaya in ce wa mutane mu namu dafa ruwa ne kawai, raba wuta aikin wasu ne. Yanzu kuwa sai in ce Allah ya ba ku haƙuri, in wuce abina.

Maganar dafa ruwa ba wasa nake ba. Baƙin mai muke ƙonawa a cikin wata ƙatuwar tukunya mai tsayin bene hawa shida. Ruwan da ke cikin bututunta ya tafasa ya zama tururi, tururin ya fita da ƙarfi ya bugi farfela, farfela ta juya janareta, janareta ya ba da wuta. Aikin ke nan kaf. Abin da ba a cika faɗa wa mutanen gari ba shi ne, in ka kasa zafin man nan gida ɗari, wajen talatin ne kawai ke zama wuta. Sauran saba'in ɗin, wani ya bi bututun hayaƙi ya yi sama, mafi yawa kuma ya bi ruwan da muke sanyaya tururi da shi ya koma kogi. Ranar da na yi wa matata wannan bayani, muna sabon aure, sai ta dube ni ta ce, "To ai kai ma haka kake. Ɗari ke fita da safe, talatin ke dawo mini da yamma." Na yi dariya a lokacin. Yanzu ina jin ko ashirin ba ta samu.

Inji biyu ne a tashar, Na Ɗaya da Na Biyu, sa'annin juna, duk sun kwana biyu a duniya. Ni ne shugaban Na Biyu, da mutum goma sha biyu a ƙarƙashina. Na Ɗaya yana hannun ƙanina, shi ma da nasa goma sha biyun. Ni na kawo shi aikin, ni na koya masa sauraron tukunya, har ya zo ya fi ni iyawa, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Gemunsa ya fara furfura amma har gobe Auta kowa ke ce masa. Kullum ƙarfe shida da rabi yakan tsaya a ƙofar gidana da babur, ya danna hon sau biyu, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, ka fito ko in tafi?" Shekara goma sha tara yana wannan barazana, bai taɓa tafiya ba.

Ni kuma sunan da ya manne mini a tashar shi ne Ƙara-Uku. Ga yadda aka yi.

Akwai mita a jikin bututun da ke kai wa Na Biyu mai, ita ke faɗin lita nawa injin ya sha. Makona na farko a aiki, maigidana, wani tsoho da ƙarar inji ta riga ta cinye masa kunne ɗaya, ya ja hannuna har gabanta. Ya ce, "Ka ga wannan? Maƙaryaciya ce. In lita ɗari da uku ta wuce, ɗari za ta ce maka. Duk abin da ta nuna, ka ƙara uku a kowane ɗari kafin ka rubuta a littafi." Shi da kansa ya gwada ta ya gano hakan, ya rubuta wa hedkwata sau bakwai a canza ta, ba wanda ya ko tanka masa. Da ya gaji sai ya samo jan fenti ya rubuta a bangon da ke kusa da ita da manyan baƙaƙe: ƘARA UKU. Bayan rasuwarsa ni na gaji bangon. Duk shekara sai na sabunta fentin, duk sabon ma'aikaci sai na ja hannunsa har gaban mitar na maimaita masa karatun tsoho. Wanda ya manta kuwa ya san zai ji ba daɗi a wajena.

Shi Na Ɗaya tasa mitar ta mutu tun tuni, ba a kuma kawo wata ba. Tunda tanki ɗaya injinan biyu ke sha, dabarar da ake yi mai sauƙi ce. Kowace safiya mai kula da tanki ya zura sandar awo ya ga nawa mai ya ragu, a cire abin da littafina ya ce Na Biyu ya sha, abin da ya saura a ce Na Ɗaya ne ya sha. Haka muka taras, haka muka ci gaba.

A farkon shekarar nan takarda ta zo daga hedkwata. Mai ya yi tsada, in ji su, ba za a iya ciyar da tsofaffin injina biyu ba. Za a kashe ɗaya har abada, wanda ya fi shan mai ya ba da wuta kaɗan, a sallami mutanensa. Kuma ba gwajin kwana ɗaya za a yi ba, don sun san kowa zai yi wa injinsa kwalliya ranar. Littattafan shekara huɗu da suka wuce za a duba.

Ba sai an jira kowa ya zo ba, duk mun san abin da littattafan suka ce. Na Ɗaya yana ba da talatin da 'yan kai cikin ɗari. Na Biyu ashirin da tara da 'yan kai. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma ta isa ta raba mutum goma sha uku da abincinsu.

Ba wai mun zauna ba ne shekarun nan. Mun kankare toka daga bututun tukunya har hannuwanmu suka yi kanta. Mun bi duk inda tururi ke tsiyaya mun toshe. Mun sake naɗe bututai don kada zafi ya gudu. Lambar nan ta ƙi motsi. Abin yana ɗaure mini kai, domin kunnena yana gaya mini Na Biyu ya fi Na Ɗaya lafiya, hayaƙinmu ma ya fi nasu haske. Amma wa zai kai kunnen tsoho gaban hedkwata? Na haƙura na ce inji ne ya tsufa, kamar mai shi.

Saura kwana uku injiniyar da za ta sa hannu ta iso, manaja ya ce a share ko'ina, a goge komai. Wannan ɗabi'a tana ba ni haushi, a ce za a yanka abu amma sai an yi masa wanka. Duk da haka na ɗauki tsumma da ɗan kananzir na nufi mitata, don ban yarda wani ya taɓa ta ba. Na goge gilashin. Na sunkuya, gwiwata tana ƙara, na goge ƙasanta inda maiƙo da ƙura suka yi kauri, wurin da rabona da in duba shi har na manta. Wani ɗan farantin ƙarfe ya fito, irin wanda masu ƙera kaya ke mannawa. Na goge shi sosai, na sa tabarau.

Shekarar da aka ƙera ta ce a jiki. Shekara huɗu da 'yan watanni.

Na sake gogewa, kamar tsumma zai canza lamba. Fuskarta iri ɗaya da ta da, girmanta ɗaya, launinta ɗaya. Amma ba maƙaryaciyar tsoho ba ce. Sabuwa ce, kuma sabuwar mita ba ta da dalilin yin ƙarya. Sai na tuna. Shekara huɗu da suka wuce aka yi wa Na Biyu babban gyara, 'yan kwangila suka cika tashar. Ni kuwa ina kwance a asibiti an yi mini aikin ƙaba, sati shida ban leƙo ba. Wanda ya riƙe mini injin a lokacin Auta ne.

Na zauna a kan wani bututu mai ɗumi, na ciro fensir daga bayan kunne, na yi lissafin a bayan wata tsohuwar takarda. Shekara huɗu ina ɗora wa injina man da bai sha ba. Kuma duk litar da na ɗora wa nawa, na sauke wa na Auta ita, tunda nasa saura ake ba shi. Na cire ukun daga wajena na mayar wajensa. Lambobin suka yi musaya, Na Biyu ya haura talatin, Na Ɗaya ya faɗo ƙasa. Sau uku ina sake lissafin, ina fatan in kama kaina da kuskure.

Da rana ta yi na sami Auta a bakin magudanar da ruwan ɗumi ke fita zuwa kogi. Can muke cin abinci tun da daɗewa, don nan ne kaɗai mutum zai yi magana ba tare da ihu ba. Ya buɗe kularsa ya fara ci.

Na ce, "Auta, wa ya canza mitar Na Biyu?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "'Yan kwangila."

"Wa ya sa hannu ya karɓa?"

"Yaya, ci abincinka zai huce."

"Tambayarka nake."

Ya ajiye cokali. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke wucewa yana tururi kaɗan-kaɗan, sannan ya ce, "Da farko mantuwa ce, wallahi. Kana kwance, ni ke fama da inji biyu, ga zaryar asibiti. Takarda nawa na sa wa hannu a watan nan? Ka dawo ka ci gaba da ƙara ukunka, ni ko a raina. Sai bayan wata shida na ga lambar injina ta hau alhali ban taɓa komai ba, har hedkwata ta aiko mana takardar yabo. Shi ne na zauna na yi tunani."

"Ka gano."

"Na gano."

"Ka ja bakinka ka yi gum. Kana kallona ina kwana cikin toka ina neman inda mai ke zurarewa."

"Wa aka cuta a lokacin? Lamba ce kawai a takarda. Kuma ta ina zan fara? In zo in ce maka abin da kake taƙama da shi, wanda har sunanka ya zama, shirme ne? Kai da ko gyaran zama aka ce ka yi sai ka yi kwana biyu kana fushi?"

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce, "To yanzu fa? Yanzu ma lamba ce a takarda?"

"Yanzu 'ya'yana biyar, Yaya. Babbar ce kaɗai ta gama sakandare. Kai saura shekara biyu ka ajiye aiki, naka duk sun kama gabansu. In an sallame ka hutu ka samu da wuri, gwiwar nan ma ta gode maka."

"Mutanena goma sha biyu fa?"

"Nawa goma sha biyun duwatsu ne?"

Ya rufe kular da rabin abincin a ciki, ya miƙe, ya kakkaɓe wandonsa. Muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce, "Ni ban ce ka yi wa kowa ƙarya ba. Ban roƙe ka sabon abu ba. Abin da ka saba shekara ashirin da shida, shi za ka ƙara yi kwana uku. Shi ke nan."

Da yamma ya sauke ni a ƙofar gida kamar kullum. Matata tana guga a tsakar gida, wutar ma an kawo, abin mamaki. Ta dube ni sau ɗaya ta ce yau ko goma ba ta dawo mata ba. Na zauna a bakin tabarma na kwashe komai na gaya mata. Ba ta katse ni ba, sai da ta gama wuyan rigar da ke hannunta.

Ta ce, "Kai ka goya shi fa bayan rasuwar Babanku. Kai ka yi masa aure."

"Na sani."

"Ni ban san lissafinku ba, uku ne ko huɗu. Amma na san halinka. In ka yi shiru, duk ranar da ka hango ɗaya daga cikin mutanen nan naka a kasuwa sai ka canza hanya, har ka mutu. In ka yi magana kuma, ban san da wace fuska za ka shiga gidan Auta ba. Ni ma ban san da wace zan shiga ba, ni da matarsa ko tsinke bai taɓa shiga tsakaninmu ba."

"To me zan yi?"

"Ni ka tambaya? Da ka duba ƙasan mitar nan sau ɗaya a shekara huɗu, da ba mu zo nan ba. Fenti dai ka iya."

Ta fi kowa iya sa yatsa a inda ke ciwo. Na tashi na wanke hannuna, ƙanshin kananzir ya ƙi fita.

Washegari na tsaya gaban mitar da littafi. Ta nuna lambarta, ta gaskiya. Ina kallo hannuna ya ƙara uku ya rubuta. Ba zan ce na yanke shawara ba, hannun ne ya yi abin da ya saba, ni kuma ban hana shi ba. Kashegari ma haka. Kunya ta ishe ni har na daina shiga ɗakin shan shayi.

A rana ta biyun ne Dogo ya same ni. Shi ke kula da famfunan da ke tura ruwa cikin tukunya, shekararsa goma sha ɗaya a hannuna, bai taɓa makara ba. Matarsa ta haifi tagwaye watanni uku da suka wuce, tun daga nan idanunsa kullum ja. Ya cire hular kwano ya riƙe a ƙirji, ya miƙo mini farar takarda.

Ya ce, "Baba, wata alfarma nake nema. An ce masu yin bulo a bayan gari suna neman mai kula da injin ruwa. Ka ɗan rubuta mini shaida, ka ce na iya aiki, ba na wasa."

Na karɓi takardar ina ta juya ta a hannu. Da ya ga haka sai ya ɗauka damuwar rufe injin ce ke cina.

Ya ce, "Kada ka sa wa ranka, Baba. Kowa ya san ka yi iya yinka. Ba laifinka ba ne, inji ne ya gaji."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na rubuta masa shaidar a tsaye, na sa hannu, ya yi ta godiya har da rusunawa.

Injiniyar ta iso ranar Alhamis da hantsi. Yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, da tabarau da takalmin aiki da ya yi mata yawa, ba ta da yawan magana. Manaja yana gaba yana ta zuba, ni da Auta muna biye. Ta duba tukunyar Na Ɗaya, ta duba tamu, ta tsaya ta saurari farfela, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon bututun hayaƙin biyu. Littattafan ta riga ta karanta su tun a ofis. Zagayen nan cika ƙa'ida ne kawai, kowa ya sani.

Da muka zo wucewa ta gaban mitar sai jan rubutun ya tsayar da ita. Ta ce, "Wannan fa? Ƙara uku a me?"

Manaja ya yi dariya. Ya ba ta labarin tsoho da maƙaryaciyar mita, har da kwaikwayon yadda nake jan hannun sababbin ma'aikata. Ya ce, "Ga ma mai sunan nan a bayanki." Ta ɗan murmusa, ta rubuta wani abu a takardarta, ta ce ai kuwa ya kamata a canza mitar da tuni, amma yanzu ba amfani. Ta juya za ta wuce.

Ba abin da ya rage mini sai in ɗaga ƙafa in bi su. Na dubi Auta. Ba ya kallona, ƙasa yake kallo. Can nesa kuma ta tsakanin bututai na hango Dogo ya sunkuya yana goge famfon da ya san sati mai zuwa za a kashe.

Na ce, "Injiniya."

Ƙarar inji ta haɗiye muryata. Na sake ɗagawa. "Injiniya! Ki ɗan sunkuya ki duba farantin da ke ƙasanta."

Ta dawo ta tsuguna, ta haska da fitilar wayarta. Ta daɗe a tsugune. Da ta miƙe murmushin ya tafi.

Ta ce, "Baba, wannan ai shekararta huɗu."

"Haka ne."

"Kuma kuna ƙara uku har yau?"

"Har safiyar yau."

"Na Ɗaya kuma saura ake ba shi." Ba tambaya ta yi ba, lissafi take a ranta, na ga leɓenta yana motsi. Sannan ta ce, "Wa ya san da wannan?"

Na ce, "Ni ke fenta bangon, ni ke koya wa kowa. Ban duba ba sai kwana uku da suka wuce."

Ta dube ni, ta dubi Auta, ba ta ƙara tambaya ba. Manaja dai dariya ta ƙare masa. Da na waiga inda ƙanina yake tsaye, ba ya nan.

Ta ɗage sa hannun. Ta sa aka kawo wasu na'urori aka ɗaura a bututun man injinan biyu, suka yi kwana goma suna awo. Sakamakon bai bambanta da abin da fensirina ya faɗa ba. Na Biyu talatin da ɗigo biyu, Na Ɗaya ashirin da tara da rabi. A kwana goman nan Auta bai fasa zuwa ɗaukata ba, hon biyu, amma ba barazana, ba hira a hanya. Na ce a raina fushi ne, zai huce.

Na je wajen manaja na ce a sallame ni a ba Auta kujerata. Ya ce sallamar da inji take tafiya, ba da mutum ba, ba shi ya tsara ba, kuma ko na tafi yau mataimakina ne zai hau. Na rubuta wa hedkwata. Amsar da na samu ita ce takardar gargaɗi, kan cika littafin aiki da lambobin da ba daidai ba har shekara huɗu. Na ninke ta na sa a aljihu, ban ji haushinta ba ko kaɗan.

Ranar da aka kashe Na Ɗaya, da la'asar ne. Doka ta ce shugaban inji ne zai rufe bawul ɗin mai, don haka Auta ne ya kama ƙarfen da hannu biyu ya juya har ya tsaya. Wutar tukunya ta mutu. Farfela ba ta tsayawa nan take, takan ɗauki kusan awa tana rage gudu, ƙararta tana sauka a hankali. Mutanensa goma sha biyu suna tsaye sun jeru har ta yi juyin ƙarshe. Rabin zauren ya yi tsit. Shekara ashirin da shida ban taɓa jin takun mutum a wurin nan ba sai ranar.

Mutanena ba wanda ya yi murna a fili, na gode musu da wannan. Dogo ne kawai ya lallaɓo yana cewa Allah ya saka, Allah ya raya zuriya. Na daka masa tsawa na ce ya koma kan famfonsa. Bai yi mini laifin komai ba. Daga baya na samo farin fenti na shafe bangon, shafi uku, amma in rana ta haska ta taga jan yana nan yana leƙowa.

Washegarin kashe injin na tashi da wuri don in kama motar haya, tunda Auta ba shi da abin zuwa yi a tashar kuma. Matata ta zuba mini abinci a kula. Ina ɗaure igiyar takalmi, ƙarfe shida da rabi daidai, sai na ji hon sau biyu a ƙofar gida.

Muka dubi juna. Ta ce a hankali, "Ya san gwiwarka ba ta hawa mota."

Na fita da sauri har ina tuntuɓe. Yana kan babur, ba kayan aiki a jikinsa, wata tsohuwar riga ce. Ya sa sabon kushin a kujerar baya, ya ɗaura roba ta riƙe kaya, irin yadda masu ɗaukar fasinja ke yi. Na gaishe shi, ya amsa da kai. Na hau.

Hanyar minti ashirin ce. Na shirya magana tun daga kwanar gidanmu, na sake shirya ta a kan gada, ban iya furta ko ɗaya ba. Ina kallon furfurar da ke ƙeyarsa, ƙeyar da na sha aske wa da hannuna yana ƙarami yana kuka. Da muka hau tudu tashar ta bayyana, bututu ɗaya yana hayaƙi, ɗayan ba komai.

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai kashe babur ɗin ba. Na ɗan jinkirta a zaune, ko zai ce wani abu. Ya ce, ba tare da ya waigo ba:

"Malam, sauka. Mun iso."

Na sauka. Shekara arba'in da bakwai, tun ranar da ya fara magana, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Wata mata da kwando a tsallaken titi ta ɗaga masa hannu, ya juya babur ya nufe ta.

Mai gadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa yana fara'a. Ya ce, "Baba Ƙara-Uku, an tashi lafiya?"

Na ce lafiya lau. Na shiga, na ɗauki littafi, na je gaban mitar na rubuta abin da ta nuna.